Waiwaye: Ranar da Harry Kane Ya Ɗaure Kansa

Kwana goma sha bakwai ne tsakani. Ranar 4 ga Mayun 2025 Leverkusen ta tashi 2-2 da Freiburg, sakamakon da ya tabbatar wa Bayern Munich kofin gasar Jamus, ya kuma ba Harry Kane kofinsa na farko tun da ya ɗauki ƙwallo sana'a, yana da shekara 31. Ranar 21 ga watan kuma Tottenham, kulob ɗin da ya bari don ya gaji da jira, ta doke Manchester United da ci ɗaya mai ban haushi a birnin Bilbao na Sifaniya, ta ɗauki Kofin Europa, kofinta na farko tun 2008.

A gidajen kallon ƙwallo kowane ɓangare ya samu abin faɗa a wannan wata. Masu cewa gwani ya tafi inda ake cin kofi suka ce ga zahiri, kaka biyu kacal ya yi a Jamus ya samu abin da ya shafe sama da shekara goma yana nema a Landan. Masu cewa mutum ya riƙe gidan da ya raine shi suka nuna Son Heung-min, abokin burminsa, wanda ya zauna har ya ɗaga kofi da hannunsa a matsayin kyaftin, suka ce mahaƙurci mawadaci. Musun ya yi daɗi. Sai dai a nawa ganin an riga an yanke wannan shari'a tun a Yunin 2018, a cikin ofis, da biro, kuma duk abin da ya biyo baya zartar da hukunci ne.

Kane ba yaron da aka fara yi wa kirari tun yana ƙarami ba ne. Arsenal ce ta fara ɗaukarsa yana ɗan shekara takwas, ta sallame shi bayan shekara guda, labarin da magoya bayanta ba su cika son a tayar ba. Tottenham ta karɓe shi a 2004, ta yi ta tura shi aro ƙananan ƙungiyoyi, Leyton Orient, Millwall, Norwich, Leicester. A Leicester ɗin ma benci ya fi zama, shi da wani mai suna Jamie Vardy. Sai da koci Mauricio Pochettino ya zo a 2014 aka ba shi rigar gaba. Ya ci ƙwallo 31 a duk gasanni a kakar farko, aka ce sa'ar sabon shiga ce, za ta wuce. Ya biyo da 25 a Firimiya, sannan 29, sannan 30, bakin kowa ya mutu.

Ƙungiyar da Pochettino ya haɗa a lokacin ta isa a kira ta ƙungiya. A kakar 2016/17 ta tara maki 86, ta fi kowa zura ƙwallo, ta fi kowa tsare raga, ba a ci ta ko sau ɗaya a gida ba a gasar Firimiya. Hugo Lloris a raga, Alderweireld da Vertonghen a baya, Kyle Walker da Danny Rose a gefe, Mousa Dembélé da Victor Wanyama ɗan Kenya a tsakiya, Eriksen da Dele Alli da Son suna bayan Kane. Chelsea ce ta sha gabanta da maki 93. Wanda duk ya kalli wasanninsu a wancan lokaci ya san mutum biyu ko uku kawai suka rage a cika.

To, a irin wannan gaɓa ake gane kulob mai buri. Ba a gane shi lokacin da yake ƙasan teburi, don a nan kowa kokawar tsira yake yi. Ana gane shi ne ranar da ya zo dab da kofi ya rasa, a ga me zai yi da kasuwar da ta biyo baya. Liverpool ta sayar da Coutinho a Janairun 2018, a watan kuma ta kawo Virgil van Dijk a kan fam miliyan 75. Real Madrid ta doke ta a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a watan Mayu, mai tsaron ragarta ya yi kurakurai biyu da duniya ta gani, kafin kaka ta zagayo ta sayo Alisson da sama da fam miliyan 60, ta haɗa da Fabinho. Ta ga inda ke mata ciwo, ta sa magani a wurin.

Tottenham kuwa abin da ta fara yi bayan ta zo ta biyu shi ne sayar wa Manchester City Kyle Walker a Yulin 2017, a kan kusan fam miliyan 50. Walker ya je ya ɗauki Firimiya sau shida da Kofin Zakarun Turai. Shi ma ba shi ne farau ba. Teddy Sheringham ya tafi United a 1997 ya ci kofi uku a kaka ɗaya a 1999. Michael Carrick ya bi sahu a 2006, Berbatov a 2008. Luka Modrić ya tafi Real Madrid a 2012, Gareth Bale a 2013, ɗaya ya tara Kofin Zakarun Turai shida, ɗaya biyar. Duk wannan tarihi yana gaban Kane, ko mafi yawansa, ranar 8 ga Yunin 2018 da ya sa hannu a kwantiragin shekara shida, har zuwa 2024, ba tare da wani sharaɗin fita ba. Yana da shekara 24. Mako biyar bayan haka ya dawo daga Rasha da takalmin zinare na Kofin Duniya, da ƙwallo shida, a lokacin da babu kulob a duniya da ba zai buɗe masa ƙofa ba.

Da me kulob ɗin ya saka masa? A kasuwar da ta biyo bayan sa hannun, Tottenham ba ta sayi ko mutum ɗaya ba. Tun da aka ƙayyade lokacin cinikin 'yan wasa a Ingila ba a taɓa samun ƙungiyar Firimiya da ta yi haka kafin fara kaka ba. Janairu ya zo ya wuce, nan ma shiru. Daga Lucas Moura da aka sayo a Janairun 2018, sai a Yulin 2019 aka sake ganin sabuwar fuska.

Adalci ne a faɗi dalilin Daniel Levy, shugaban kulob ɗin a lokacin, wanda ya hau kujerar a 2001. Gini yake yi. Ya rushe tsohon filin White Hart Lane, ya mayar da ƙungiyar haya a Wembley, ya gina sabon fili mai cin mutum sama da dubu 62 a kan kuɗin da ya kai kusan fam biliyan ɗaya. Filin ya buɗe a Afrilun 2019, kuma har gobe yana cikin mafiya kyau a Turai. Ana buga ƙwallon Amurka a ciki, mawaƙa suna cika shi, a nan Oleksandr Usyk ya ƙwace kambun Anthony Joshua a 2021. Wannan ma buri ne, ba mai musu. Amma irin burin maigidan nan ne da ya sa ginin bene a gaba ya rage kuɗin cefane: jikoki za su gode masa, waɗanda ke cin tuwon gidan a yau kuwa su suka san yadda suke kwana. Kulob yana lissafi da shekara hamsin. Ɗan wasan gaba yana da shekara bakwai ko takwas na ganiya, daga nan gwiwa ta fara magana. Saboda haka idan aka ce kulob ba shi da buri, abin nufi a wurin ɗan wasa shi ne burin kulob ɗin ba zai nuna ba sai bayan shi ya rataye takalmi.

Abin mamaki, a wannan kakar da ba a sayi kowa ba ne ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, kuma ina ganin wannan sa'a ta cuci Kane, domin ta rufe ɓarakar. Sun fitar da City da ƙyar, Lucas Moura ya ci Ajax uku a Amsterdam, ta ƙarshen a daƙiƙun ƙarshe. Kane yana jinyar idon sawu duk wannan lokaci. Ranar 1 ga Yunin 2019 a Madrid aka fara da shi ba tare da ya gama warwarewa ba, aka ajiye Moura a benci. Ba a cika minti ɗaya ba ƙwallo ta taɓa hannun Sissoko, Salah ya ci fenareti, Origi ya ƙara ta biyu dab da tashi. Masu tsaron da suka hana Tottenham sakat a daren su ne Van Dijk da Alisson, wato cefanen da Liverpool ta yi a shekarar da Tottenham ta rufe aljihu. A wannan kakar kuma an ci Tottenham wasa 13 a Firimiya. Ƙungiyar ta riga ta gaji, wasan ƙarshen ne ya ɓoye gajiyar.

Wata biyar bayan Madrid aka kori Pochettino. Aka kawo José Mourinho, mutumin da ko maƙiyinsa ya san ya iya wasan ƙarshe. Ya kai su wasan ƙarshe na ƙaramin kofin Ingila, sai aka kore shi ranar 19 ga Afrilun 2021, saura kwana shida a buga, a makon da Tottenham ta sa kanta cikin ƙungiyoyin da suka yi yunƙurin ɓallewa su kafa gasar manya zalla. Aka miƙa wa Ryan Mason, matashi ɗan shekara 29, ya je ya fuskanci Guardiola, kocin City. City ta ci ɗaya. Wannan ne wasan ƙarshe na uku da Kane ya rasa a rigar Tottenham, bayan na Chelsea a 2015 da na Liverpool. A kakar shi ya fi kowa cin ƙwallo a Firimiya da 23, shi ya fi kowa bayar da ƙwallo a ci da 14, ƙungiyarsa kuma ta ƙare ta bakwai.

Nan ne ya ce zai tafi, nan ne kuma takardar 2018 ta tashi tsaye.

Tun Disambar 1995, lokacin da wani ɗan wasan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman ya yi nasara a kotun Turai, ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin tafiya inda ya ga dama, tsohon kulob ɗinsa ba ya karɓar ko sisi. Wannan hukunci ne ya mayar da tsawon kwantiragi ya zama igiyar ja tsakanin kulob da ɗan wasa. Idan saura shekara ɗaya, kulob ne ke cikin zullumi, ko ya sayar yanzu ko ya yi asara gaba ɗaya baɗi. Idan saura shekara uku, ɗan wasa ba shi da ta cewa, sai roƙo ko bore. A 2021 Kane saura shekara uku gare shi. Abin da ya dogara da shi, kamar yadda aka yi ta ruwaitowa, alƙawarin baka ne da yake ganin sun yi da Levy cewa za a bar shi ya tafi. Ga shi kuma wakilinsa yayansa ne, wanda ba gogaggen dillalin 'yan wasa ba ne.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne an taɓa yin wannan wasan kwaikwayo a gidan, da shugaba ɗaya. Modrić ya sa hannu a kwantiragin shekara shida a 2010. A 2011 Chelsea ta neme shi, Levy ya ƙi, Modrić ya fito fili ya ce an saɓa alƙawarin baka da aka yi masa. Haka ya haƙura ya ƙara kaka guda. Kane yana cikin matasan kulob ɗin lokacin da aka yi wannan. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah, amma bai isa ba.

A kwatanta da Jack Grealish. Shi ma ɗan gida ne a Aston Villa, kyaftin, magoyin bayan kulob ɗin tun yana yaro. Da ya sabunta kwantiragi a 2020 sai ya sa aka rubuta cewa duk ƙungiyar da ke buga Kofin Zakarun Turai da ta ajiye fam miliyan 100, a sake shi. A Agustan 2021 City ta ajiye, Villa ta buɗe ƙofa, hukumar kulob ɗin da kanta ta yi wa magoya baya bayanin yadda sharaɗin yake. A daidai wannan mako Kane yana can ya makara dawowa atisaye, jaridu suna ta yayata cewa bore yake yi, wasu magoya bayan da suka yi shekaru suna rera sunansa sun fara zaginsa. City ta taya, Levy bai ko saurara ba. Ranar 25 ga Agusta Kane ya sanar cewa ya zauna. Grealish bai kai shi iya ƙwallo ba, ya dai fi shi iya karanta takarda.

Kuɗin wannan kuskure a bayyane yake. City ta ɗauki Firimiya a 2022 ba tare da cikakken ɗan wasan gaba ba. Sannan ta sayo Erling Haaland daga Dortmund a kan kusan fam miliyan 51, shi ma ta hanyar sharaɗin fita da ke cikin kwantiraginsa, ta ci kofi uku a 2023. Kujerar da Haaland ya zauna, Kane aka fara yi wa tayinta. Shi kuwa a shekara biyun nan ya ga koci Nuno ya zo ya tafi cikin wata huɗu, ya ga Antonio Conte ya zo, ya fusata a gaban 'yan jarida bayan 3-3 da Southampton a Maris 2023, ya caccaki 'yan wasa, ya kuma tuna wa duniya cewa shekara ashirin masu kulob ɗin suna riƙe da shi ba a ga abin kirki na kofi ba. Wata guda bayan haka Newcastle ta zuba musu biyar cikin minti 21, aka tashi 6-1. Kane ya ci 30 a Firimiya a wannan kaka, ya wuce Jimmy Greaves ya zama wanda ya fi kowa ci wa Tottenham ƙwallo a tarihi, ƙungiyar ta ƙare ta takwas, ko gurbin ƙaramar gasar Turai babu.

A 2023 saura shekara ɗaya, sai ga Levy a teburin ciniki. Ba tausayi ne ya zaunar da shi ba, kalanda ce. Bayern ta biya kusan yuro miliyan 100. Kane ya tafi da ƙwallo 280 a rigar Tottenham, 213 daga ciki a Firimiya, saura 47 ya kamo tarihin Alan Shearer na 260. Ya bar wannan tarihi a ƙasa ya tafi, abin da ke nuna yadda ƙishirwar ta kai.

Masu maganar amana suna da hujja, ba na raina ta. Ɗan wasa yana canja riga, magoyin baya ba ya canjawa. Wanda ya gaji Tottenham daga mahaifinsa ba shi da Bayern da zai koma, a nan zai tsufa, kuma kuɗin tikitinsa na cikin abin da ake biyan albashi da shi. Amma amanar da ake nema a ƙwallo kusan kullum daga gefe ɗaya ake nemanta. Real Madrid ta bar Iker Casillas ya yi bankwana shi kaɗai a gaban 'yan jarida yana kuka a 2015, bayan shekara ashirin da biyar a gidan. Chelsea ta bar Lampard ya tafi a 2014, shi da ya fi kowa ci mata ƙwallo. Kulob ba ya jin kunyar cewa ƙafarka ta mutu. Ban ga dalilin da ɗan wasa zai ji kunyar cewa aljihun kulob ne ya mutu ba.

Akan kawo sunaye uku a duk lokacin da aka yi wannan musu: Totti, Shearer, Gerrard. Amma a duba ƙungiyoyin da suka zauna wa. Newcastle ta biya fam miliyan 15 a kan Shearer a 1996, kuɗin da ba a taɓa biya a kan ɗan wasa ba a duniya a lokacin, kuma ya riga ya ci Firimiya da Blackburn a 1995 kafin ya zaɓi garinsu a kan Manchester United. Roma ta sayo wa Totti Batistuta a 2000, suka ɗauki gasar Italiya a 2001. Gerrard ya fasa tafiya Chelsea a 2005 ne makonni bayan ya ɗaga Kofin Zakarun Turai da Liverpool a Istanbul. Waɗannan ƙungiyoyi ne da suka yi ƙoƙari, wani lokaci suka dace, sau da yawa suka gaza. Zama da wanda ya yi iya yinsa ya gaza daban, zama da wanda ya lissafa cewa na huɗu ya wadatar daban. Kuma kowane cikin ukun yana da abin nunawa a kabad kafin ya ce kofi ba komai ba ne.

'Yan Arsenal, waɗanda ba kaɗan ba ne a cikinmu, su ma suna da nasu tabon. Robin van Persie ya ci 30 a Firimiya a 2011/12, a kulob ɗin da ke biyan bashin filin Emirates yana sayar da gwanayensa ɗaya bayan ɗaya, Henry, Adebayor, Fàbregas, Nasri. Saura shekara ɗaya a kwantiraginsa, yana da shekara 28, ya fito ya ce bai yarda da inda hukumar kulob ta dosa ba. Ya koma United a kan kusan fam miliyan 24, ya ci 26, ya ɗauki kofi a kakar farko, har 'yan Arsenal suka jeru a filinsu suna tafa masa shi da sababbin abokansa a Afrilun 2013. Lissafinsa ya fita daidai. Abin da ya biya shi ne sunansa, domin kulob ɗin da ya yi jinyarsa shekaru yana fama da raunuka ya bari, ya kuma je gidan abokin gaba. Sol Campbell ya fi shi, shi da ya bar kwantiraginsa da Tottenham ya ƙare a 2001 ya tsallaka Arsenal kyauta, maƙwabta kuma maƙiya. Ya ci Firimiya biyu, har yau kuma ba ya shiga unguwar Tottenham da sakin jiki. Tafiya halas ce, inda aka nufa da yadda aka fita su ake riƙe wa mutum. A nan Kane ya fita da mutuncinsa: ya bar wa kulob kuɗi masu kauri, ya kuma bar ƙasar gaba ɗaya.

Sai maganar sa'a, wadda ita ce ta fi ba masu tsokana abinci. Ranar da Bayern ta sanar da sayen Kane, 12 ga Agustan 2023, ranar ce ake buga kofin buɗe kaka da Leipzig. Ya shigo daga benci, aka ci su 3-0. Ƙungiyar da ta ɗauki gasar Jamus sau 11 a jere ta tashi kakar ba ko kofin shayi. Saarbrücken ta rukuni na uku ta fitar da su a kofin ƙalubale, Real Madrid ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe a Turai da ƙwallaye biyu na Joselu dab da tashi, Leverkusen ta Xabi Alonso, da Victor Boniface da Nathan Tella 'yan Najeriya a ciki, ta ɗauki gasar ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Kane ya ci 36, ya ɗauki takalmin zinare na Turai, aka ce ai shi ne mai farar ƙafa. Ba shi ne na farko da ƙwallo ta yi wa wannan dariya ba. Michael Owen ya bar Liverpool a 2004, ta ci Kofin Zakarun Turai a 2005. Ibrahimović ya bar Inter ya koma Barcelona a 2009 don wannan kofi, Inter ta fitar da Barcelona ta ɗauke shi a 2010. Mbappé ya bar PSG a 2024, PSG ta lallasa Inter 5-0 a wasan ƙarshe na 2025. Babu ɗaya cikinsu da za a ce wauta ya yi a ranar da ya yanke shawara, da abin da ya sani a ranar. Wanda ya koma babban kulob dama ya saya, kofi kuwa rabo ne.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna Son. Na yi masa murna, mutum ne da ko abokan hamayya ba sa ƙi. Amma kofin Bilbao ba shaida ba ne cewa kulob ɗin ya gyaru. A wannan kakar Tottenham ta sha kashi 22 a Firimiya, ta ƙare ta 17, mataki ɗaya sama da waɗanda suka faɗi. Wadda ta doke a wasan ƙarshe ta 15 ce. Kakar ce kuma ta farko da aka daina jefo ƙungiyoyin da suka faɗo daga Kofin Zakarun Turai cikin Kofin Europa, hanya ta yi sauƙi. Kwana 16 bayan kofin aka kori kocin da ya kawo shi, Ange Postecoglou. Son kansa ya tattara ya koma Los Angeles a watan Agusta. Wanda zai ce wa matashin gwani ya zauna shekara goma saboda irin wannan dare na iya zuwa, caca yake ba shi shawara, da shekarun da ba nasa ba.

Akwai kuma masu cewa kofin Bayern mai araha ne, ko da Kane ko babu shi za ta ci, ga Thomas Müller nan ya ɗauka sau 13. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Da a ce Kane ya kai Tottenham ga kofin Firimiya, wanda rabonta da irinsa tun 1961, da mutum-mutuminsa yana tsaye a ƙofar fili, da kofi ɗaya ya fi goman Munich nauyi. Sai dai wannan zaɓi ba ya kan teburi a 2023. Abin da ke kan teburi shi ne ta takwas, da sabon koci, da shekara talatin a wuyansa. Kakarsa ta farko a Jamus ma ta nuna kofin ba a kan hanya ake tsintarsa ba.

Don haka idan aka tambaye ni ko gwani ya bar kulob marar buri, amsata ya bari, kuma ya fara shirin barin tun ranar da ake lallashinsa ya sabunta, lokacin da ake murmushi ana ɗaukar hoto da riga. A ranar yake da ƙarfi. Kane ya so Tottenham da gaske, kuma son ne ya sa ya ɗauki shekara shida ya miƙa ba tare da ya tambayi me za a saya a kasuwa mai zuwa ba, ba tare da ya bar wa kansa taga ba. Da ya sa shekara huɗu, da a 2021 Levy ne zai riƙa neman mai saye. Da ya sa farashi a rubuce kamar Grealish, da ba a kai ga zage-zage ba.

A Satumbar 2025 Levy ya sauka daga kujerarsa bayan kusan shekara ashirin da biyar, ya bar fili na gani na faɗa da kofi biyu. Kwantiragin da Kane ya sa wa hannu a Munich na shekara huɗu ne, kuma jaridun Jamus sun ruwaito cewa a cikinsa akwai sharaɗin fita, da farashi a rubuce.